Turaren Goruba da Hancin Baffa Modibbo

Jama'a, ku taya ni jin wannan. Juma'ar da ta wuce an sallame ni daga gidan da nake neman aure. Ba sata na yi ba, ba a kuma kama ni da sigari ba. Laifina ɗaya ne, ƙamshi nake yi. Tun da Inna ta haife ni a Gadarif ban taɓa yin ƙamshi ba sai wancan makon, a cikinsa kuma aka ce mini in gaida gida.

Bari in bi da ku a sannu. Wanda ya yi sati biyu a sahun man jaz ya gama da gaggawa a duniya.

Aikina tarakta. Ni ne mataimakin direba, Usta Kassim, a wata babbar gona can wajen Gadambaliya. Ni ke sa giris, ni ke ɗaura diskin huɗa, in Usta ya sauka salla ni ke riƙe sitiyari. Bana ruwa ya zo da wuri, baƙar ƙasar nan tamu ta sha ta rufe tsagarta, abin da ya rage a huɗa a zuba dawa da riɗi. Sai jaz, man da tarakta ke sha, ya yi ɓatan dabo. Mai gona ya ba ni ganga biyu da takarda mai hatimi uku, ya ce in shigo gari in tsaya a turumba, wato gidan mai, har Allah ya yi.

Kada wani ya ce manyanmu ba sa ƙoƙari. Da kunnena na ji a rediyo, Mai Girma Uban Alkawura yana cewa jaz ɗin noma ya iso, ya wadata, damuwarsu yanzu inda za su zuba ragowar. Har bikin buɗe damina an yi. An kafa rumfa, an yanka raguna, motoci ashirin da wani abu suka kwaso manya daga gari don su ga tarakta ɗaya tana huɗa. Ta yi taku goma, aka ɗauki hoto, aka tafa, sai ta yi tari ta mutu. Aka ce ba komai, ai an riga an ɗauki hoton. Wani dattijo daga Showak da gangarsa ke bayan tawa ya ce man da motocin nan suka ƙona zuwa kallo zai huɗe gonakin ƙauyensu kaf. Na ce masa Baba ka yi musu adalci, babba ba ya zuwa gona da ƙafa. In laka ta ɓata masa takalmi, mu kuma me za mu riƙa kallo mu ji sanyi?

To ana cikin wannan Kawu Arzika, ƙanen Inna, ya ce ya yi magana, ranar Juma'a bayan la'asar zai kai ni in gaida Baffa Modibbo, mahaifin Lauratu. Ni da Lauratu mun daɗe da fahimtar juna, amma fahimtar yara ba ta ɗaura aure. In tsohon ya ce a'a, magana ta mutu.

Abin da ya dame ni warin jikina. Shekara huɗu ina cikin jaz da giris, abin ya shiga ƙarƙashin farce ya yi gida. Inna takan ce in na sa hannu a akushi, miyar kuɓewa sai ta koma miyar gareji. Na ce a raina ba zan shiga gidan mutane ina wari kamar ƙasan lori ba.

Maƙwabciyarmu ta bayan danga, Adda Jummare, ita ke haɗa wa amaren unguwa turaren humra da sandaliyya a rumfarta. Kwanan nan ta ce kowace mace a Gadarif ta zama mai humra, ita za ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Sai ta riƙa jiƙa 'ya'yan itace a man riɗi, ta dafa, ta tace, ta ɗura a ƙananan kwalaben allura da ta wanke. Abin da ta rasa jikin gwaji. Da na kai mata kukana ta dube ni sama da ƙasa, kamar mai taya rago.

"Harisu, Allah ne ya kawo ka. In turarena ya kama jikinka, to babu jikin da ba zai kama ba."

Na ji kamar yabo ne, na yi godiya.

Litinin ta shafa mini na gwaiba. Na je turumba duba gangunana, don su ke tsaya mini a sahu da sunana a jikinsu. Kafin in zauna, ƙudajen da ke kan teburin mai shayi suka tashi gaba ɗaya suka dawo kaina. Matar ta ce tun da ta fara sana'a ba ta taɓa samun hutu irin na ranar ba, in riƙa zuwa kullum. Talata na tsamiya. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai ya kama haɗiyar miyau, wani direba yana ta waige-waige yana tambaya wa ke dama kunu ba azumi ba. Laraba na kankana. Wannan yana da daɗi ƙwarai a cikin rumfar Adda, amma kafin in kai bakin titi ya gudu. Na koma na gaya mata. Ta ce a'a, yana nan, hancina ne. Na ce Adda haka ma rediyo ke cewa kan jaz.

Alhamis ta fito da na goruba, ta riƙe kwalbar a tafin hannu kamar ƙwai. Wannan kam ba zan yi masa ba'a ba. Zaƙi-zaƙi ne mai ɗan hayaƙi, ba ya tsalle ya shaƙe mutum, a hankali yake tasowa. Na shaƙa sai na ga kaina ina ƙarami a bayan lori, muna tafiya Ƙala'at an-Nahal da marigayi Baba, ina gwigwiyar goruba har dasashina ya yi jini. Adda ta ce ɗigo ɗaya a bayan kowane kunne, kada in ƙara. Na tambaye ta ita me ya sa ba ta shafawa, ta ce wanzami ba ya son jarfa.

Ranar Juma'a na yi wanka uku. Na farko da sabulu, na biyu da toka, na uku da lemon tsami, na kankare farce da tsinke har suka yi fari kamar na malamin makaranta. Na sa jallabiyar aro. Sai na zauna na yi lissafi irin nawa: in ɗigo ɗaya yana da kyau, rabin kwalba ai ya fi. Na ƙara da na gwaiba don kada gorubar ta ji kaɗaici. A hanya Kawu Arzika ya ce in riƙa tafiya ta inda iska ta nufa, ba ta inda take fitowa ba.

Ga abin da ban sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Tun da tarakta ta shigo ƙasar nan, duk saurayin da ke son mata sai ya ce shi ɗan tarakta ne, ko da jakin ruwa yake kora. Tsofaffin unguwa suka gaji da ƙarya. In sun yi hannu da yaro, kafin su kai hannun ƙirji sai su bi da shi ta hanci. Baffa Modibbo kuwa yanar ido ta hana shi gani, hancin nan shi ne alƙalinsa. Kowa ya san haka ban da ni. Kawu bai gaya mini ba don bai zaci akwai sabulun da zai iya da ni ba.

Muka same shi a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu. Na durƙusa na miƙa hannu biyu. Ya riƙe, ya saki, ya kai hanci. Ya daɗe.

"Arzika, ina yaron?"

"Ai shi ka riƙe yanzu, Modibbo."

"A'a. Ni ɗan tarakta aka ce mini. Wannan a tashar Showak yake sayar da kayan marmari."

Kawu ya rantse, ya kira sunan Usta Kassim, ya kira sunan gonar. Tsohon ya ce shi bai raina sana'ar kowa ba, mai gwaiba ma mutum ne, amma ba ya son zumuncin da aka fara da ƙarya. Ko jabana, gahawar tarɓar baƙo, ba a kawo mana ba. Ya ce mu gaida gida. Muna fita na ji dariya a bayan danga, na kuma san mai ita, Lauratu ce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don dariyar tana da daɗi.

Da muka kai kwanar masallaci Kawu ya tsaya. Nan ya ce garin gyaran gira na rasa ido, shekara huɗu ina tara shaida a jikina na wanke ta a yini ɗaya.

Asabar na tashi neman jaz ɗin da zan mayar da warin da na wanke. Ɗigo kaɗan nake so, ba ganga ba. Mai turumba ya ce ko da akwai, ba ya ɗiga wa kowa sai da takarda. Na nuna masa tawa, ya ce wannan ta ganga ce, ta ɗigo daban take. Na tafi wurin masu hatimi. Aka ce Rankai-daɗe Sarkin Hatimi yana taro kan ƙarancin jaz, mataimakinsa ya ɗauki motar ofis ya kai iyali gaisuwar biki, in dawo bukra, wato gobe. Bukrar nan tasu na daɗe ina jin labarinta, Allah ya nuna mana ita muna raye.

A bayan kasuwa kuwa jaz kamar ruwan kogi, jarka kan jarka. Ta inda ya bi ya zo nan, wanda ya sani bai faɗa ba. Wani daga cikin masu sayarwa ya ji labarina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in kawo hankici ya jiƙa mini saboda Allah. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne ya hana ni ba. Tunani na tsaya yi, ni kuwa tunanina ba ya sauri. Ina cikin yi wani ya yi fito, suka kwashe jarkokinsu suka watse, suka bar ni da hankici a hannu.

Na koma wurin Adda Jummare da niyyar yi mata ƙorafi. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaya ko dai ƙamshin ya kai har la'asar bai gudu ba. Na ce ya kai. Ta ce alhamdulillahi. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta sassauta.

"Kai ma sakarai ne. Fata mantuwa gare ta, tufa ce ba ta mantuwa. Ina rigar aikinka?"

Rigar tana kan rufin rumfa, inda Inna ta jefa ta da sanda ran da na dawo daga gona. Na sauko da ita, ta ƙame kamar kilishi. Lahadi na sa ta. Kawu ya haɗiye kunya ya sake shiga gaba, yana cewa wannan ce ta ƙarshe, in aka sake korar mu in nemi wani kawun.

Baffa Modibbo ya riƙe hannuna, ya bi da nasa har hannun rigar, ya murza, ya shinshina.

"Jaz ne. Amma tsoho. Yaushe rabon taraktarku da tashi?"

Na ce kwana ashirin ba ɗaya, Baffa. Ya ja carbi biyu ko uku. Ni dai na riga na fara duban ƙofa.

"Zauna, ɗana."

Ya juya wajen Kawu ya ce a watan nan duk yaron da ya shigo masa da warin sabon jaz, ko ɓarawo ne ko yana cin tuwo da ɓarayi. Da da sabo na zo, da ƙofar da ya rufe ba za ta sake buɗuwa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, hankicin nan yana aljihuna. Ya ɗaga murya ya ce a kawo jabana. Da aka zuba ya matso kusa da kunnena ya tambaya, wancan na gorubar wa ke haɗa shi, don tun Juma'a uwargidansa ta hana shi sakat. Na faɗa masa. Yanzu Adda Jummare ta ce ni ne ƙofar arzikinta, tana so in gwada mata na aduwa. Na ce ta bari a ɗaura tukuna.

Sun ba ni Lauratu, jama'a. An karanta fatiha, an ce biki in an yanke riɗi.

Sai da na dawo turumba na zauna kan gangata na sake tunani a hankali. Ba a yankan riɗi sai an shuka. Ba a shuka sai an huɗa, damina kuwa ba ta jiran kowa. Don haka, Rankai-daɗe, in an tashi daga taron, a ɗan ja aljihun tebur a duba. Ranar aurena tana ciki, ƙarƙashin hatimi.