Yadda Na Toshe Wa Inna Taga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai mahaifiyata wurin jana'izarta ba, alhali tana raye, har tana tambayata ko gero ya yi kai. Har gobe idan na ratsa kasuwar Batsari akwai masu nuna ni da baki. Ba na jin haushinsu, don da wani ne ya tafka abin da na tafka, da na fi kowa dariya.

Motar da ta ja mini wannan abin kunya gadonta na yi. Mahaifina direban malaman gona ne, da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar jif ɗin ofishinsu a gwanjo, irin mai ja da ƙafa huɗu ɗin nan, mai rufin ƙarfe da dogayen gilasai gefe da gefe. Ta girme ni, kuma ta fi ni lafiya. Tun muna yara Inna tana da wurinta a bencin baya, jikin tagar hagu. Daga ƙauyenmu Babban Duhu har Batsari babu gonar da ba ta san mai ita ba. Muna tafe tana ba da rahoto: wane ya makara da shuka, wane ya bar ciyawa ta ci masa gyaɗa, wane kuwa bana sai ya ƙara rumbu. Baba yana tuƙi yana cewa, "To, mun ji, malamar gona."

Bayan rasuwar Baba 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, sai na ɗauko Inna na dawo da ita wurina a Batsari, inda nake koyarwa a firamare. (Kimiyya nake koyarwa. Ku riƙe wannan, zai taimaka muku wajen dariya.) Zaman birni bai karɓe ta ba. Ciwon ƙugu ya kwantar da ita, ta yi ta ramewa, har kowa a ƙauye ya san Inna ba lafiya. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta zama kusa da ni, idan kuma tana da magana da ni sai ta fuskanci bango ta faɗa masa. Wata rana da damina ta yi nisa, na shigo gaishe ta, ta dubi bangon ta ce, "Da wanga yaro zai kai ni gida in gano gero, da na gode."

Hanyar Safana, wadda za mu bi, a lokacin ba hanyar wasa ba ce, ga shi an katse layin waya a yankinmu gaba ɗaya. Amma tunda ta zo ba ta taɓa roƙona komai ba, kuma na ga yadda jikinta yake. Na san idan ba bana ba, da wuya a ce baɗi.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kan zo wa mai ilimi rabi da rabi. Na ce ai mutanen daji ta taga suke leƙe su ga wa ke ciki. Idan babu taga fa? Za su ɗauka motar kaya ce. Na tafi wurin Sale mai walda na zayyana masa. Sale kuwa mutum ne da bai taɓa ce wa mai kawo aiki a'a ba; ko ka ce ya sa wa jaki sitiyari zai tambaye ka hagu ko dama. Ya ɓanɓare robobin tagogin, ya zare gilasan ya jingine a bango, ya yanko fallayen ƙarfe daga wani tsohon ƙyauren shago ya liƙe gefe biyun, har da 'yar tagar ƙofar baya. "Malam, ko harsashi sai ya yi sallama," in ji shi. Na ji daɗi har wuya. (Ƙarfen nan, daga baya na gane, ko dutsen danƙo zai lotsa shi.)

Ƙyauren ja ne, motar koriya, sai ta fito kamar an yi wa riga faci. Sale ya ce fentin da ya rage masa fari ne kawai. Na ce a shafe ta duka da shi. Wajen aikin kuma ya taɓa wata waya, tun daga ranar fitilun gaba ba sa mutuwa sai an kashe inji. Na ce ba komai. Don kada a hango ta ta gilashin gaba, na rataya tabarma a bayan kujerata. Na shimfiɗa mata katifa, muka kwantar da ita, na rufe ƙofa.

Yanzu ku haɗa lissafin da ni malamin kimiyya na kasa haɗawa. Farar mota ruf ba taga, fitila a kunne da rana tsaka, tana tafiya a hankali saboda ƙugun Inna, a gaba kuma ga ɗan matar da aka san tana jinya, fuska a murtuke don tsoro. A wajenmu mota ba ta shigowa gari a haka sai gawa ta ɗauko.

Muna tafe sai in ji ƙwanƙwasa daga baya. "Kai, ina muka kawo?" In faɗa mata. "Geron ya yi kai?" In ce ya yi. "Tsamiyar bakin rafi tana nan?" In ce tana nan. Wallahi ko kallon wurin ban yi ba, idona yana kan duhuwar daji. Can wani mai babur ɗan garinmu ya cim mana, ya dube ni, ya dubi motar, ya dafe kai, ya ƙara wuta ya wuce. Ni kuwa na ɗaga masa hannu, na ce a raina mutanen gida akwai son mutum.

Da muka shiga Babban Duhu na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, maza sun yi jugum, kukan mata yana tashi daga ciki. Liman yana nan, matasa kuma sun riga sun tafi maƙabarta da diga da shebur. Na ce, "Inna lillahi, mun zo a kan rasuwa." Kawu Ɗantsoho, ƙanen Inna, ya taso hawaye sun jiƙa masa gemu, ya riƙe hannuna ya ce, "Haƙuri za mu yi, Malam. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta." Na ce amin. (Na'am, amin na ce. Ban san wa ake nufi ba, kuma na ga rashin ladabi ne in tambaya.) Sai da na ga an ɗauko makara an ajiye daidai ƙofar bayan motata sannan na gane wa ake nufi.

Sai ga ƙwanƙwasa daga ciki, bam bam bam. "Kai, buɗe ni, zahi zai kashe ni!"

Masu riƙe da makara suka watsar da ita. Wani dattijo da ya shekara yana dogara sanda ya tsallake tabarma ba sandar. Liman dai bai gudu ba, amma salatin da ya ja sai da aka ji shi a bayan gari. Na buɗe ƙofar, Inna ta yunƙuro sharkaf da gumi, tana ƙifta ido don hasken da ta daɗe ba ta gani ba. Ta dubi taron, ta dubi makara, ta ce, "Subhanallahi, wa ya rasu?" Kawu ya share fuska ya ce, "Yaya, ai ke ce."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Aka tura a tsayar da masu haƙa, aka ce ai sun yi nisa. Inna ta ce, "Ku bar shi haka nan, kada ku wahala sau biyu." Kawu ya yi mata faɗa, aka je aka mayar da ƙasa. Kuka ya koma dariya, dariyar kuma duk a kaina ta ƙare. Yinin nan kaf ya tafi a gaisuwa da ban haƙuri da sake ba da labarin ga duk wanda ya shigo. Ita ba ta iya takawa zuwa gona, mu kuma dole mu kama hanya kafin la'asar.

Da za mu koma na durƙusa na roƙe ta ta zauna gaba. Ta kawar da kai. Matar da ba ta taɓa haɗa tabarma da ni ba, ba ranar za ta fara haɗa kujera ba. Na cire tabarmar da na rataya, amma daga kan katifa ba abin da take hangowa sai sama da ƙeyata. Mun yi nisa, sai na ji tana yi wa farin ƙarfen nan magana a hankali. "Mai motar nan, Allah shi jiƙansa, in mun kawo tsamiya rage gudu yake yi in duba. Ni ban ce a kai ni in ga mutane ba. Mutane suna da ƙafa, suna iske ni Batsari. Gona ce ba ta zuwa."

Ban taɓa jin kunya mai ciwo irin wannan ba. Kunyar da na ji a ƙofar gida wasa ce.

Washegari na koma wurin Sale. Gilashi ɗaya akuya ta ture ya fashe, ɗayan kuma ya riga ya yanka wa mai tsire ya yi akwati. Irinsu sai an aika Kano. Na aika, na zauna jira, ban ko yi tunanin a yanke ƙarfen a bar tagar a buɗe ba, ina ganin akwai lokaci. Kafin su iso aka girbe gero, Inna kuma ta cika da safiyar wata Laraba, bayan ta bar wasiyya a kai ta kusa da mijinta.

Motar dai ita ce, fara, ruf, fitila a kunne. Da na kawo tsamiya na rage gudu. Kara ne kawai a tsaye a gonakin. Muna shiga gari yara suka biyo mu da gudu suna ihu, "Ga Inna ta zo! Ga motar Malam!" Ba tabarma, ba makara. Kawu Ɗantsoho ya fito yana washe baki, yana nuna ni da yatsa. "Yau kam ba ka samunmu, ja'iri! Maza buɗe mata ta sha iska."

Na zagaya na tsaya a ƙofar baya, hannuna a kan mariƙi. Allah ya sani, sai da na ɗan dakata ko zan ji ƙwanƙwasa. Kawu ya dubi fuskata, dariyar ta zube daga tasa. A gurbin da aka mayar wa ƙasa rannan aka sake haƙawa.

Gilasan sun iso daga baya, Sale ya sa su, sun zauna cif. Yanzu motar tana ganin ko'ina. Abin da na koya kuwa, wanda babu shi a littafin kimiyya, shi ne idan tsohuwa ta ce ka kai ta wani wuri, kafin ka nemi mai walda ka tambaye ta me take so ta gani. Ita ma ai ta faɗa wa bango, bangon ne ya fi ni kunne.