Tsohuwa Ta Rasu da Garin Matata a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya rage mini na ladabi, nake sanar da dangi, maƙwabta da 'yan zaurenmu na intanet rasuwar kwamfutata, wadda muke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin teburin karatuna, inda ta shekara goma sha ɗaya ba ta saɓa wa kowa ba.

Matata, Allah ya jiƙanta, ita ta kawo ta gidan nan. A wurin aikinsu ta tarar an jingine ta za a zubar. Ta share ta, ta sa mata manhajar kyauta, irin wadda masu sa kai ke rubutawa, kowa ya buɗe cikinta ya gyara. Ni ina koyar da tarihi a lokacin, na san ƙarshen duk abin da aka bar wa kowa da kowa. Na faɗa mata. Ta ce in koma ga littattafaina.

Marigayiya Tsohuwa mai haƙuri ce. Da safe takan yi tari sau biyu, ƙir, ƙir, sannan fankarta ta ɗauki huuu har yamma. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan rage zaman ɗaki ba, abin da ya fifita ta a kan surukaina. A kanta zaurenmu yake zaune, mutum arba'in da 'yan kai, masu wasan gina gari a kwamfuta. A cikinta kuma garin matata yake. Shekara shida tana gina shi: kasuwa, asibiti, gada mai ƙafa bakwai, da ɗakin karatu da ta yi wa 'yar ƙaramar ƙofa don kada girman kaina ya samu shiga, in ji ta. Layin ƙarshe ba ta gama ba, gida uku babu rufi. Tun rasuwarta, kullum bayan karin kumallo nakan shiga da sunana in zaga titunan. Ban taɓa ɗora ko bulo ɗaya ba.

Ciwon ajalin da jinkirin tashi ya fara. Sai na yi abin da mai hankali ba ya yi da majinyaci: na tambayi jama'ar zaure. Farfesa, shugaban zaure, wanda iyakar karatunsa sunan nan ne, ya rubuto, "Baba, ka karanta takardar bayani mana." Na karanta. Shafi ɗari biyu ce, kuma wanda ya rubuta ta bai taɓa hira da ɗan'adam ba. Mai-Gemu ya ce, "Ni dai tawa lafiya lau take aiki," kamar likitan da ke shaida wa mara lafiya cewa shi ya yi barci mai daɗi. Sauran suka rabu gida biyu a kan wace manhaja ta fi 'yanci, aka zagi iyaye, mutum biyar suka yi fushi suka kafa nasu zauren. A rana ta huɗu Sarkin Gyara ya turo layin umarni guda: "Kwafa ka liƙa, Baba, ka danna. Godiya sai daga baya." Layin na goge faifan ajiya na farko ne. A tasa kwamfutar, na farkon fanko ne. A tawa, shi ne komai. Bai tambaya ba, ni ma ban tambaya ba. Tsohuwa ta ce tit, sau ɗaya, allo ya yi baƙi.

Mai gyaran bakin titi ya duba ya ce jiki kalau, sai dai babu kowa a ciki. Ya ce zai sa mata sabuwar manhaja ta miƙe garau. Haka aka ce mini in sake aure.

Tsohuwa ta bar allo mai tsaga a kusurwa, da linzamin kwamfuta, da firinta wadda suka shekara huɗu ba sa ga maciji. Ta kuma bar Sarkin Gyara cikin ƙoshin lafiya. Ya aiko mini da hoton fuska mai hawaye ta waya, ya biyo da, "Amma Baba, ba ka yi ajiya ba?" Mutum goma sha tara sun yi mini wannan tambayar, don haka ga amsa. Na yi. Kwafi ɗaya ne, a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, bisa dokar da ku 'yan zaure kuka kaɗa wa ƙuri'a bara: wanda ya shekara bai shiga zaure ba, kayansa ba sa shiga ajiya, don kada a cika wuri. Matata ta shekara uku ba ta shiga ba. Uzurinta a bayyane yake. Na nemi a keɓe ta daga dokar, Farfesa ya ce doka ba ta san fuska ba. Garuruwanku, makinku da hirarku ta shekara tara duk suna nan, ko harafi bai ɓata ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a tsakar gidana, gindin bishiyar lemo. An haƙa ramin. Filas ɗin zai raka ta, bayan guduma ta bi ta kansa. Wanda ke son yin bankwana da garinsa ya zo da wuri, zan ɗaga filas ɗin sama kowa ya gani.