Wa Ke Kewar Wa?

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a unguwar Birni ta Damagaram, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tona wa kaina asiri da Ingilishi ba, a tsakar gidan surukaina, ga surukata zaune tana ɓarar gyaɗa.

Bari in fara daga farko. Ba mu daɗe da aure ba maigidana ya samu karatun aikin ruwa a Malesiya, ya tafi ya bar ni wurin mahaifiyarsa, Inna. Ni ungozoma ce, ina da aikina, ba zaman banza nake ba. Amma shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, kewa ta ci ni har ƙashi. Kada ku ce mini ai akwai waya. Akwai, sai dai a gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a gindin dalbejiya, kuma a nan tabarmar Inna take. Saboda haka hirarmu ba ta wuce ina kwana, ina gajiya, an yi ruwa, akuya ta haihu. (Na san labarin akuyar nan ya ishe shi. Ni ma ya ishe ni.) Inna kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, ba ta kuma karɓar wayar. Iyakarta ta ce, "A ce da wancan ina gaishe shi."

Sai ga hanya ta buɗe. Makarantar da yake tana da kwas na ungozomomi, har da tallafi, amma sai an ci jarrabawar Ingilishi a Yamai. In na ci, in bi mijina. In na faɗi, in ci gaba da ba shi labarin akuya har ya gama.

Karatu da rubutu ina lallaɓawa, don mu 'yan Damagaram da muka yi lakkwal, wato boko, da Faransanci muna tsintar kalmomi da yawa a hanya. Matsalar ita ce ɓangaren magana, inda za a zaunar da kai gaban mutum, a ba ka batu, a ce yi ta zuba kai kaɗai. Ni da ke yi wa mace mai naƙuda tsawa ta ji, da an ce in yi Ingilishi sai bakina ya mutu.

Aka haɗa ni da Baba Mushe (haka muke kiran malamin boko a wurinmu), ƙanen mahaifin maigidana, wanda ya koyar da Ingilishi a lise, wato sakandare, har ya ajiye aiki. Wato surukina. Ranar farko na zo na tsuguna, na ja mayafi, na kafe ƙasa da ido kamar yadda aka tarbiyyantar da ni.

"'Yata, a can Yamai a tsugune za ki yi egzamar?" in ji shi. "Hau kujera. Kuma dube ni cikin ido. Mutanen nan in kika sunkuyar da kai, cewa za su yi ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Baba, ai da nauyi."

"Jirgin ma da nauyi, amma yana tashi. Dube ni."

Haka muka yi ta fama kullum bayan la'asar. Yakan rubuta batutuwa a guntayen takarda ya zuba cikin hularsa, in sa hannu in zaro. Na yi maganar unguwarmu, na yi ta abincin da na fi so, na yi ta aikina, duk da in'ina da zufa. Shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Kalmomin suna nan, mai maganar ce ba ta zo ba."

Ran nan na zaro takarda, sai ga shi an rubuta: yi maganar mutumin da kike kewa.

Wallahi niyyata in ce kakata, Allah ya ji ƙanta, in rabu lafiya. Sai na saci kallon Inna, na tuna ko kalma ɗaya ba ta ji. Shi kuma Baba ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Ingilishin nan sai na ji shi kamar zanen aro, wanda za ka yi rawa da shi ba a gane ka ba. Na buɗe baki, abin da na daɗe ina haɗiyewa a gindin dalbejiya ya ɓalle. Na faɗi yadda nake ji in na dafa dambu na tuna shi yake fara cin ƙanzo. Na faɗi babur ɗinsa da ke lulluɓe a zaure, wanda nake gogewa ba wanda ya sa ni. Na faɗi barcin da ba ya zuwa, da abincin da ba ya shiga. Ban yi in'ina ko sau ɗaya ba. Har wani daɗi nake ji, ina cewa a raina yau dai Baba zai san da ni.

Abin da ban sani ba, Faransanci ya yi mini ƙafar ungulu. A Faransanci wanda ake kewa shi ake fara ambata, sannan mai kewar ya biyo baya. Ingilishi kuwa kamar Hausa yake, mai kewar ne a gaba. Ni kuma na ɗauko ginin Faransanci na ɗora, tun daga farko har ƙarshe ina ta rangaɗa "He misses me". Wato a gaban ƙanen ubansa na zauna ina shelar cewa ɗansu ya susuce a kaina.

Baba ya buɗe ido, ya gyara zama, ya ce da Hausa, da ƙarfi kuma, "Ikon Allah! Ashe yaron namu yana cikin wannan hali?"

Inna ta ɗago. "Wane yaro? Me ya same shi?"

"Ga ta nan, ita ta faɗa. Wai kewarta ta hana shi barci, ko abinci ba ya iya ci."

Na ga hannun Inna ya tsaya cak a kan tasa. "Ba ya cin abinci? Ba shi da lafiya ne kuka ɓoye mini?"

"A'a, Inna, lafiyarsa lau! Juyawa na yi."

"Kika juya me?"

Na dubi Baba ina neman ceto. (Har gobe ina zargin da gangan ya yi. Gefen bakinsa rawa yake.) Ya ce, "Kin tayar mata da hankali, sai ki kwantar. Gyara mata, da Hausa."

Jama'a, na duba ƙofar ɗakina, ta yi nisa. Na duba Inna, idonta ya kawo ruwa. Ba yadda zan yi in bar tsohuwa cikin tsoro don in tsira da mutuncina. Na ja mayafi har hanci, na ce, "Ni ce, Inna. Ni ce ba na barcin. Ni ke kewarsa."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Baba kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Madalla, yau mai maganar ta zo. To, maimaita daidai: I miss him. Dube ni cikin ido." Na yi ta maimaitawa har ya gamsu. Inna ta koma kan gyaɗarta. Sai dai na lura ɓawon take zubawa cikin tasa, 'ya'yan tana watsarwa a ƙasa.

Kwanaki na yi ina wasan ɓuya da ita, in fice aiki da wuri, in dawo in shige ɗaki. Da na je Yamai kuwa, duk wannan wahala, ba wanda ya tambaye ni wa nake kewa. Maganar kasuwa aka ba ni, na kwashe masu jarrabawar na kai su kasuwar Mirriya. Na ci, da ƙyar, amma na ci.

Ranar tafiya, an fitar da kaya, ina zaure kusa da babur ɗin nan, sai na ji an ja mini mayafi. Inna ce, da ƙullin yaji a hannu. Ta leƙa waje, ta leƙa ciki, ta rage murya.

"Ke, abin nan da Mushe ya sa kika yi ta maimaitawa, yaya ake cewa?"

Na faɗa mata a hankali. Ta gwada, harshe ya ƙi, ta sake gwadawa. "Ai mis him."

"Haka ne, Inna."

"Babu suna a ciki, ko?"

"Babu."

"To, ki kai wa wancan. Amma ki ce masa da bakin Nasara na faɗa, ba da Hausa ba."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Maigidan nawa da ya tarbe ni a Malesiya yana dariya har kunne, da ya ji sai ya ce bari ya duba wani abu a waje, ya daɗe bai dawo ba.

Darasin da na koya shi ne, in za ka ɓoye sirrinka cikin yaren wasu, ka fara tabbatar da babu mai fassara a gidan, kuma ka san wa ke gaba wa ke baya. Yanzu ga ni kusa da mijina, ina barci, ina cin abinci. Amma da la'asar ta yi sai in ji kamar ana ɓarar gyaɗa a bayana. In na kira gida, Inna ba ta karɓar wayar, sai dai in jiyo ta daga gindin dalbejiya tana cewa, "A ce da waccan ina gaishe ta."

Na san fassarar wannan saƙo. Wannan karon ban juya ba.