Ranar Da Aka Ce In Karanta Permina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta cikin bazara ba, ko da na so in manta. Akwai kunyar da mutum kan sha a kasuwa ya koma gida ya ba da labari ana dariya. Tawa ba irin wannan ba ce, domin a gaban surukina na sha ta, kuma a ranar da ya rasa yayansa.

Ni direba ne, motar fasinja nake ja daga tashar Matamaye zuwa Damagaram. Yadda muka taso muka tarar, mai ƙaramar mota ba a cika damunsa da zancen wa'adin permi ba, wato lasisin tuƙi. Mu masu ɗaukar rayukan jama'a kuwa, namu yana da ranar ƙarewa a rubuce a jikinsa. In ranar ta matso sai ka je wajen likita ya duba ka, musamman ido, sannan a ƙara maka wa'adi. Na san wannan sarai. Ni ne ma mai tsare sababbin direbobi a tasha ina musu wa'azi a kai (har da ɗaga yatsa, Allah ya yafe mini).

To me ya hana ni zuwa? Tsoro. Wani abokin aikinmu, Mamman Lawali, ya je wajen likitan aka ce yana da yanar ido, ba a sabunta masa ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan sitiyari ya koma kiran fasinja a bakin tasha. Ni kuma a lokacin na fara lura cewa in zan duba lamba a salula sai na miƙe hannu iyakar tsawonsa. Hanya ina ganinta tar, akuya ma daga nesa nake hango ta, amma ƙananan rubutu sun zame mini tururuwa. Matata Hadiza ta yi magana, na ce hasken salular ne ba shi da kyau. Kullum sai in ce wata mai zuwa zan je, har na daina buɗe permin gaba ɗaya. Jandarmomin hanya sun san fuskata, hannu kawai nake ɗagawa in wuce, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin wayo.

Da hantsin Talatar nan aka bugo wa Hadiza cewa Malam Abdu na Icirnawa ya rasu. Shi ne yayan mahaifinta, Alhaji Isufu, kuma shi ya raine shi tun rasuwar mahaifinsu. Kowa a dangi ya san wasiyyarsa: in ya riga ƙaninsa tafiya, Isufu ne zai ja masa salla. An sa jana'iza bayan Azahar. Alhaji yana fama da ciwon ƙugu, ba ya iya hawa babur, dole sai mota.

Wani maƙwabcinsu ya ce ga motarsa da direbansa. Ni kuwa na yi caraf na shiga tsakani.

"Haba Baba, ina raye ku shiga motar wani? Ai nan da Icirnawa ko ido rufe zan kai ku."

(Ku riƙe wannan maganar, da bakina na faɗe ta, a gaban shaidu.)

Alhaji ya zauna a gaba da carbinsa, ƙannensa biyu da mata suka cika baya. Ba mai magana sai salati a hankali. Gab da Kance muka tarar da shingen jandarma. Na ɗaga hannu yadda na saba, sai wani wanda ban taɓa gani ba ya nuna mini gefen hanya.

Mutum ne mai natsuwa, ya yi sallama, ya nemi takardu. Na mota ya duba ya mayar mini. Permin ne ya daɗe yana juyawa.

"Malam direba, karanta mini kwanan watan da ke nan."

Na karɓa. Na kawo kusa, ba komai. Na miƙa hannu nesa har ya fita ta taga. Na karkata shi wajen rana, na goge shi da gefen riga.

"Shef, rubutun ne ya goge."

"Bai goge ba," in ji shi. "Ni na karanta."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya in huta. Maimakon haka sai na ƙirƙiro wata shekara daga kaina na faɗa da ƙarfi, kamar mai karatun allo. Jandarman bai yi dariya ba, ya dai dube ni. Har salatin mata ya tsaya.

Sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Alhaji ne, ya ciro tabaransa daga aljihu ya miƙo mini, fuskarsa na kallon gaba. Surukin da ko haɗa ido ba na yi da shi. Na saka tabaran, rubutu ya fito fes, na kuwa karanta da muryata kowa yana ji: permina ya ƙare tun damina biyu da suka wuce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na fita na roƙi jandarman. Na ce mu ake jira a yi wa gawa salla, na nuna masa dattijon. Ya zagaya ya yi wa Alhaji ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya dawo wurina.

"Ban riƙe mutanen nan ba, motar ma ban riƙe ta ba. Amma ba zan bar wanda perminsa ya ƙare, wanda kuma ban san me idonsa ke gani ba, ya ja wannan jama'a. Ku nemo direba."

Ni ma haka nake gaya wa wasu.

Na bugo tasha, direbobi duk sun fita. Na bugo wa maƙwabcin nan da na kore, motarsa ta riga ta tafi Yauri. Motocin da ke wucewa a cike suke maƙil, kuma ba mai ratsawa Icirnawa. Daga ƙarshe aka samu wani direba, Habu, ya ce zai hawo babur ya zo, amma sai ya sauke lodin da ya ɗauko. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wani gawo, muka yi Azahar a bakin hanya. Ni a ƙarshen sahu na tsaya, ban ma san me na karanta ba.

Muna sallamewa salular Alhaji ta yi ƙara. Babban ɗan marigayin ne, kuma muryarsa tana fitowa har inda nake. Ya ce an shirya shi tun ɗazu, jama'a sun taru, rana ta yi zafi, amma liman ya ce a jira.

Alhaji ya kalli hanyar da Habu zai ɓullo. Babu kowa a kanta.

"Kada ku riƙe shi cikin zafin nan saboda ni," ya ce. "Liman ya ja. Ku kai shi makwancinsa."

Ya ajiye salular, ya ci gaba da jan carbi. Na ga hawaye ya gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da Habu ya iso, ya karɓi makulli, ni kuma na koma kujerar ƙarshe ta motata, gwiwa a ƙirji. Mun shiga Icirnawa muka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Alhaji ya ce a kai shi kabarin. Ƙannensa suka riƙe shi, ya daɗe a tsaye kan ɗanyar ƙasa yana addu'a. Ni daga nesa na tsaya.

Bayan sadakar uku na je na durƙusa a zaurensa.

"Baba, ku yafe mini."

"Na yafe. Allah bai nufa in ja masa ba ne," ya ce. "Amma ka je ka ga likitan nan."

Har yau bai sake tayar da zancen ba.

Na je Damagaram kamar mai zuwa gaban alƙali. Likita ya sa na karanta haruffan bango, na karanta har na ƙasa. Ya haska idona ya ce lafiya lau, shekaru ne kawai, in nemi tabaran karatu. Ko shayin da na bari a bakin ƙofa bai huce ba aka gama. Abin da na yi damina biyu ina gudu ke nan.

Yanzu na rage wa'azi a tasha. In sabon direba ya tambaye ni zancen takardu, abu ɗaya nake ce masa: permi in ya ƙare, ka je ka sha kunyarka a gaban likita, za a ƙara maka wa'adi. Sallar gawa kuwa sau ɗaya ake yi, kuma ta Malam Abdu ni na sa aka yi ta babu ƙaninsa.