Faransancin da ya mayar da Hajiya mai shara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi daga Damagaram suka zo ofishinmu a Dutse ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki, sannan in yi ta dariya.

Ina aiki ne a sashen tsara gari da ƙididdigar jama'a. Mu ne masu bin diddigin ina gari yake faɗaɗa, wace unguwa ce ta cika, su wa suka baro ƙauye suka tare a birni. Aiki ne na shiru, ba mai ɗaukar ka hoto. Ni kuma Allah Ya yi ni da son a san da ni, abin taƙamata kuwa Faransanci. Na yi shi a sakandare, na kuma taɓa yin dogon hutu wajen kawuna mai sayar da atamfa a Maraɗi. Iyakar jarina ke nan. Amma in ka ga yadda nake shigowa ofis da safe ina "bonjour, bonjour" ina ɗaga hannu, sai ka rantse a Faris aka yanke mini cibiya. Har abokan aiki suka laƙaba mini Mushe (haka mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta, kada ka ɗauka mushen da ka sani ne, ko da yake Madam Rifkatu ta ce ita duka biyun take nufi).

Madam Rifkatu ita ce maƙwabciyar teburina, 'yar Filato ce, ta daɗe a Dutse har ta fi ni iya karin magana. Ita ta fara kawo mini labari cewa ma'aikatan tsara birni na Damagaram za su kawo mana ziyara, kuma Darakta yana neman tafinta.

"Mushe, yau ga ranarka," in ji ta. "Amma ka sani, ba a fafe gora ranar tafiya."

Da Darakta ya kira ni, tambaya ɗaya ya yi mini: "An ce kana jin Faransanci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar ruwa." (Ban faɗi wane ruwa ba. Na kwata ma ai ruwa ne.)

Ya miƙo mini jawabinsa da aka rubuta da Turanci, ya ce in abin ya yi kyau su ma za su gayyace mu can a yi aiki tare, kuma tafinta yana cikin 'yan tafiya. Ni da ko Maigatari da ke bakin iyaka na daɗe ban leƙa ba, nan take na fara ganin kaina a Damagaram da jaka a hannu.

Gaskiya na yi ƙoƙari. Na duƙufa a kan wayata ina tono kalmomin aikinmu ɗaya bayan ɗaya. Ƙidayar jama'a ita ce recensement, kalmar da sai ka yi kamar kana kurkure maƙogwaro kafin ta fito. Tururuwar mutanen karkara zuwa birni exode rural. Ina cikin adaidaita sahu ina nanatawa, har wata dattijuwa ta matsa gefe tana addu'a. A gida kuwa matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, kai da wa kake faɗa?"

Akwai kalma ɗaya da na riƙe da kyau. A aikinmu in aka ce gida, ba gini ake nufi ba, mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya ake nufi. Shi ne household a Turanci, a Faransanci kuma ménage. Na haddace ta har ina jin daɗin yadda take zamewa a baki.

Ranar taro na sha sabuwar shadda, na kafa hula a gaban goshi, na tsaya kusa da Darakta da abin magana a hannu. Shugabar baƙin wata dattijuwa ce mai farin gilashi, ta yafa lafaya, kowa Hajiya yake ce mata. Ba ta da yawan motsi, irin mutanen nan da in sun dube ka sai ka gyara tsayuwa.

Farkon abin ya tafi sumul. Darakta ya karanta layi, in juya. Na saki recensement ɗina, na ga baƙi sun gyaɗa kai. Na saki exode rural, wani ma har ya rubuta. Na saci kallon Madam Rifkatu, na ɗaga mata gira.

Sai Darakta ya ajiye takarda. Duk tafinta ya san wannan ita ce musiba. Ashe wajen karin kumallo wani cikin baƙin ya ba shi labarin Hajiya, cewa mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, ita ta riƙe gidan, ta yi musu karatu, ita ma ta yi nata har ta kai inda take. Abin ya taɓa shi. Ya shiga bayani da Turanci a kan gidajen da mata ke shugabanta a cikin birni, waɗanda mazansu suka tafi ci-rani ko suka riga mu gidan gaskiya. Sannan ya nuna Hajiya ya ce ba sai an je nesa ba, ga babbar shugabar gida nan zaune, kuma da ofishinmu zai sami irinta da mun huta.

Wannan ba ya cikin abin da na haddace. Amma na ce a raina, ai lissafi ne mai sauƙi. Mace femme, gida ménage. A haɗa su mana. Na gyara murya, na miƙa hannu wajen Hajiya kamar mai gabatar da amarya, na ce da ƙarfi:

"Madame est une grande femme de ménage!"

Ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa ofishinmu yana matuƙar bukatar irinta, in ta zo mun huta.

Mutanenmu suka ɗauki tafi, don sun ga na yi maganar da kuzari. Ɓangaren baƙi kuwa tsit. Wani da ke shan ruwa ya ƙware, na kusa da shi yana buga masa baya yana kallon silin. Na tsaya da murmushina a fuska, ya ƙi tafiya ya ƙi zama.

Hajiya ta cire gilashi, ta goge shi da bakin lafaya, ta dube ni. Sai ta yi magana da Hausa tsantsa, mai karin Damagaram:

"Ɗana, na gode da tayin aiki. Sai dai tsintsiyar tawa na baro ta gida."

Baƙi suka fashe da dariya. Ta jira suka lafa, sannan ta yi wa namu bayani a natse, cewa abin da na faɗa shi ne sunan matar da ake ɗauka ta yi shara da wanke-wanke. "Sana'a ce, ba abin kunya ba," in ji ta, "amma na tabbata ba ita Darakta ke nufi ba. Kalma ɗaya ka zubar a hanya, chef, wato shugaba. Femme chef de ménage." Ka ji fa. Cikin duk kalmomin duniya, shugabancin nata na zubar, na bar ta da tsintsiya.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige har da hular. Dariyar mutanenmu ta fi ta baƙin ƙarfi, Madam Rifkatu ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Darakta ya harare ni, ya buɗe baki zai ba da haƙuri da Turanci, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mu ajiye kayan aro. Duk wanda ka gani nan da Hausa yake neman gishiri a gidansu."

Kuma fa duk mun san haka. Ba wanda bai san da me ake magana a Damagaram ba. Kawai mun ɗauka taron hukuma ba ya cika sai da harshen da aka sha wahala kafin a koya.

Daga nan taro ya koma Hausa, ya kuma yi daɗi. Mutanen da tun safe ba su ce uffan ba suka shiga baki. Aka yi ta musu a kan unguwannin da ke tsirowa a bayan gari ba ruwa ba hanya, ashe ciwonmu ɗaya da su. Su ce lakwal mu ce makaranta, su ce likita mu ce asibiti, a yi dariya a wuce. Ni dai na lallaɓa na zauna a kujerar baya, na sa a raina cewa tafiya ta sha ruwa.

Wajen cin abinci Hajiya ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, ta tambaye ni inda na koyi Faransanci. Da na ce Maraɗi, ta ce, "Na ji alama. Na kasuwa ne, amma yana da rai." Sannan ta juya ta gaya wa Darakta cewa rahoto dole a rubuta shi da harsunan hukuma biyu, kuma ta fi son mai buɗe baki ya yi kuskure a gyara masa a kan wanda ya iya ya yi shiru. Haka na sami tafiya Damagaram, na kuma koyo abin da na daɗe ina cewa na iya.

Yanzu in kalma ta shige mini duhu, nakan ce ban sani ba, kuma har yau faɗin hakan bai kashe ni ba. In kuma baƙo ya zo, kafin in ɗauko masa harshen ƙetaren teku, sallama nake fara yi masa, in ji da me zai amsa.