Ranar da Mai Girma Ya Ce a Danna Nan

Ni ba mai yawan dariya ba ne. Inna cewa take tun ina goye fuskata kamar an aiko ni ta'aziyya. Amma jiya na yi dariya har na zamo daga kan benci, gwiwata ta daki dutse, yanzu haka ɗingishi nake. Ku gyara zama.

Aikina buga takardu ne a wani ɗan shago. Kwamfuta ɗaya, firinta mai tari, da fankar da ba ta juyawa sai an lallashe ta. Shekaranjiya Maigida, mai shagon, ya ɗauki jarka ya tafi layin mai, wannan layin da manyanmu suka rantse babu shi. Ya bar ni da ɗan abin da ya rage a cikin janareta. Ina zaune sai ga mota mai baƙin gilashi. Turaren mutumin ya riga shi shigowa. Mai Riƙe Jaka ne, na hannun daman Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ja zamaninsa, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a miƙe ya wuce bai yanka ba.

"Kai samari, ka iya intanet?"

"Muna taɓawa, ranka ya daɗe."

"Gobe Mai Girma zai zo layinku ya yi jawabi a kan lambatu. Mai rubuta mana jawabi yana layin mai."

Ina jin lambatu na miƙe tsaye. Layinmu ba shi da magudanar ruwa, ɗakin Inna kuwa shi ne a gangare. Duk damina ruwa yana shigo mata ba sallama. Ta ɗora gadonta a kan bulo, ta ɗora bulon a kan wani bulo, yanzu sai ta taka kujera take hawa. An yi mana alkawarin lambatun nan ina firamare. Na gama sakandare, shi yana nan aji ɗaya. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Mai Riƙe Jaka ya miƙo min wayarsa. Wani shafin labarai ne da ya kawo jawabin shugaban wani gari a wata ƙasa mai nisa, ranar da suka fara haƙa nasu lambatun.

"Wannan za ka kwafo. Lambatu ai lambatu ne."

Na buɗe shafin a kwamfuta, na yi maza na adana shi kafin sabis ya ɗauke, don sabis ɗinmu ɗan'uwan alkawarinsu ne. Na ja linzamin kwamfuta daga sama har ƙasa, na kwafe, na buɗe manhajar rubutu. A nan na dakata. Liƙa rubutu iri biyu ne, kamar cirar rogo: ko ka kakkaɓe ƙasar, ko ka kai shi gida da ƙasarsa da tsutsarsa.

"Ranka ya daɗe, in zuba zallar rubutun, ko da kayansa?"

"Zallar me? Mai Girma zai karanta rubutu tsirara? Zuba shi da adonsa!"

Na zuba. Shafin ya juye gaba ɗaya, manyan baƙaƙe da ƙanana, launi-launi, talla a gefe, talla a tsakiya. Mutumin ya washe baki. Ya ɗora yatsa a kan wasu kalmomi shuɗɗa masu layi a ƙarƙashi.

"Ka gani? Har sun nuna wurin ɗaga murya."

"Ranka ya daɗe, waɗannan na dannawa ne."

"To ai shi na ce. A danna murya."

"Bari dai in share tallan."

"Kai wa ya ba ka ikon rage wa Mai Girma jawabi? Fitar min da shi!"

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Firinta ta yi tari ta amayo takardun, janareta ya ja numfashin ƙarshe, mota ta tashi.

Jiya da hantsi aka kafa rumfuna daidai inda ruwa ke kwanciya. Motoci suka yi ta shigowa kamar jerin tururuwa, kowace cike da man da babu. Aka zo da masu tafi a motarsu daban. Inna ta fito da kujerar hawa gadonta ta zauna a gaba, ni da maƙwabcinmu Baba Mai Fenti muka samu benci.

Mai Girma ya miƙe, ya gyara tabarau, ya soma. Farkon ya tafi sumul. Har Inna na gyaɗa kai. Can sai ya tsaya, ya cika ƙirji, ya ɗaga yatsa sama.

"DANNA NAN DOMIN CI GABA!"

Masu tafi suka ɓarke. "Ci gaba! Ci gaba!"

Baba Mai Fenti ya zungure ni. "Ɗana, ina za mu danna?"

"Ko'ina, Baba. Babu wanda zai buɗe."

Mai Girma ya ji daɗin tafin, ya ƙara wuta. Ya dubi layin manyan baƙi, ya ce da murya mai tausayi: "Kana fama da tumbi? Ga sirrin da likitoci ba sa so ka sani!"

Wallahi a tare suka ja riguna suka rufe. Wani ya yi ƙoƙarin mayar da nasa ciki, maɓalli ya ƙi ba shi haɗin kai. Na nemi Mai Riƙe Jaka da ido, na hango shi yana binciken wani abu a cikin jakar, kansa har wuya. Rigar aro dai ba ta rufe katara. A nan benci ya ƙi ni.

Ina ƙasa ina riƙe da gwiwa na ji maganar da ta tsayar min da dariya.

"Kafin ruwan farko ya sauka, za a kammala lambatun titin..."

Ya yi karo da sunan. Wani suna ne mai baƙaƙe a cunkushe, babu wasali ko na magani. Ya ja baya, ya sake tahowa, ya tsallake shi da ƙyar kamar mai atishawa. Amma ya faɗa. A gaban kyamara ya faɗa. Ya yanka ƙyalle, suka kwashe rumfunansu.

Baba Mai Fenti ya ɗago ni. "Wane titi ya ce?"

"Ba a ƙasar nan yake ba, Baba."

Ya sosa gemu. "To. Su alkawari gare su, titi ne babu. Mu titi gare mu, alkawari ne babu. Ka riƙe sunan?"

"Na adana shafin."

"Faɗuwa ta zo daidai da zama. Tashi!"

Muka tarar Maigida ya dawo da ɗan mai a gindin jarka, idonsa jawur. Da ya ji bayani, ya ja igiyar janareta da kansa. Na buɗe shafin da na adana, na kwafo sunan, na ƙara masa girma har ya cika takarda. Baba ya bi shi da fenti baƙi bayan baƙi a kan allon da za mu kafa a bakin layi, yana yi yana waƙa. Kafin rana ta faɗi layinmu ya yi sabon suna. Inna ta yi ta gwada faɗarsa, duk wanda ya gifta sai ya ce mata sannu, ko mura ce?

Yanzu ku taya ni jinjina. Masu cewa manyanmu ba su da sauri, su ji kunya. Yau da safe na leƙa shafin ofishin Mai Girma, sai ga labari da manyan baƙaƙe: an kammala lambatun titinmu, da sabon sunansa ɗungurungum. Har da hoto. Lambatu ne na gani na faɗa, ƙanƙara ta lulluɓe gefensa, wata mata na wucewa da kare sanye da rigar sanyi. Su ma da adonsa suka kwafo.

Na adana wannan ma, na fitar da shi mai launi, na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan karen na waye?"

"Na layinmu ne, Inna."

"To madalla. Liƙa min a bakin ƙofa. Ƙasa-ƙasa, inda ruwan zai gani."

Na liƙa. Ga hadarin can ya haɗo, ya yi baƙi ƙirin. Ni dai fatana ruwan bana ya yi makaranta.