Yadda Muka Taya Hukuma Murnar Ramin Layinmu

Jama'a, kwanakin baya ramin da ke tsakiyar layinmu ya haɗiye ni har ƙugu. Na ci ado zan fita, ruwan sama ya shafe bakinsa, na taka da ƙarfin gwiwa. Tela da mai aski ne suka zaro ni, takalmi ɗaya ya zauna can.

Ni ne magatakardan layin, don ni kaɗai ke da haƙurin rubutu. Tun ramin yana ɗan ƙarami nake aika wa ofishin gyaran hanyoyi saƙon imel, ko tari ba su yi ba. Shagon tela kuwa duk ruwan da aka yi sai ya kwana a ciki, ya jiƙa masa yadin mutane. Don haka ban ko sauya wando ba na nufi ofishin, ina ɗiga.

Shugaban ofishin, Mai Girma Uban Tituna, Garkuwar Kwalta, ba ya nan, wai yana taro. Aka tura ni wani ɗaki mai sanyi, wurin mai kula da kwamfutoci, wani siriri mai tabarau. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Baba, saƙonninka duk sun iso. Matata ce ke zubar da su a shara."

Na ce, "Matarka? Ɗana, me ya kawo iyalinka cikin aikin hukuma? Me na tare mata?"

Ya yi dariya har da cire tabarau. Ashe ba matar aure yake nufi ba, matatar saƙo ce, wata rariya da ke cikin na'ura mai tace imel, ta ware na 'yan damfara da masu tallan maganin ƙiba ta watsa su kwandon shara. Ya buɗe min kwandon. Ga ni nan jere reras, tsakanin mai sayar da maganin sanƙo da wata baiwar Allah da ke son aurena daga ƙasar waje.

Na ce to a gaya wa rariyar ni mutum ne. Ya ce abu mai sauƙi, danna wuri ɗaya ne a nuna mata wannan ba shara ba ne, daga nan ta gane ni. Ya taɓa sassauta ta ma, sai koke ya cika akwatin Mai Girma har hawan jininsa ya tashi. Shi ne Mai Girma ya ba da umarni a ƙara mata kalmomi. Duk saƙon da ke ɗauke da "rami", "gyara", "yaushe", "har yanzu" ko "alƙawari", shara.

"To me ke wucewa?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Taya murna. Godiya. Lambar yabo."

Da yamma muka hallara a shagon mai aski. Tela ya ce mu je mu yi zaman dirshan. Mai aski, yana riƙe da kan wani, ya ce, "Kai dai ba ka da dabara. Ƙofar da aka bari a buɗe ita ake bi." Muka zauna muka tsara. Muka taya Mai Girma murnar tafkin da ya samar mana kyauta a ƙofar gida. Muka gode masa a madadin yaranmu da suka koyi iyo ba malami, da sauron da ya samu matsuguni bayan dogon yawo. Uwargidana ta leƙo ta ce a ƙara da kwaɗi, su ma suna raira masa waƙa. Na ce ai duk mai hankali ya karanta wannan zai ji kunya ya turo mota da tsakuwa.

Washegari amsa ta zo. Ni da ban taɓa samun ko "mun gani" ba, sai ga shafi guda na jin daɗi.

Motoci kuwa sun zo, amma ba tsakuwa a ciki. Rumfa aka kafa, aka jera kujeru, aka zagaye ramin da ƙyalle. Mai Girma ya sauko da almakashi da masu ɗaukar hoto, ya yanke, aka tafa. Ya karanta saƙonmu da lasifika, da ya zo wurin kwaɗi muryarsa har rawa take. Ya kira ni ya rungume, ya ce da talakawa duka irina ne da shugabanci bai yi wuya ba. Tela yana gefe yana kallona kamar ya haɗiye allura.

Yanzu an kafa allo, ramin ya zama dukiyar hukuma. Da tela ya kawo baro guda na ƙasa zai tare bakin shagonsa, mai gadin da aka ajiye ya ce ɓarna ce, ya mayar da ita. Ni kuma tela ya daina amsa min sallama.

Jiya mai aski ya zo da sabuwar shawara, wai tunda mun gano hanya, mu rubuta mu taya hukumar lantarki murnar duhun da muke ciki. Na ce ya rufa mana asiri. Ƙwan fitila ɗaya ya rage a layin nan, kada su zo ƙaddamar da duhun su ga yana ɓata musu aiki.